Tambayar da Aka Rubuta da Koren Biro

Lahadi, 7 ga Fabrairu, 2010

Kwamiti ya zauna yau, kuma ni aka ɗora wa rubuta tarihin ƙungiya. To da wa za a ba? Shekara talatin ke nan da muka kafa Ƙungiyar Gida da Tarbiyya, mu biyar, a gindin dogonyaron makarantar 'yan mata nan Atbara. Uku sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni da Batul, ita kuwa in an ba ta biro sai ta yi ta juya shi har a kira magariba.

Biki ranar 13 ga Maris. Babikir mai ɗab'i ya ce sati uku yake bukata, na ce masa biyu.

Abu ɗaya nake so a ranar: Tahani ta zo daga Bur Sudan ta karanta babi na farko a gaban jama'a. 'Yata tilo, likitar yara, amma tun da ta girma ba ta taɓa taka taronmu ba. Mutane suna tambaya, ni kuma na gaji da cewa aiki ne ya riƙe ta. Wannan karon za ta zo, in Allah ya yarda, kuma ni ma na yarda.

Talata, 9 ga Fabrairu

Shafi goma sha ɗaya a zama biyu. Ashe duk yana kaina.

Na rubuta yadda maza suka ce mun zo koya wa mata tsaurin ido. Na rubuta limamin nan na Barbar da ya laɓe bayan katanga yana sauraronmu, mako na zagayowa sai ga matarsa da 'ya'yansa mata uku a layin gaba. Tafiyar Abu Hamad a bayan babbar mota, mu da buhunan albasa. Ajin iyaye maza na farko a 1997, mutum uku suka zo, ɗaya ma inuwa ya shigo nema. Yau reshe goma sha huɗu gare mu, daga Shandi har Abu Hamad. Lokacin da muka fara ko jihar tamu ba a yanka ba.

Sai gwangwani. Wannan dabarata ce, ba na kunyar faɗa. Gwangwanin madarar gari, a tsaga murfinsa, duk mai tambayar da bakinta ba zai iya furtawa ba ta rubuta ta jefa, ba suna. Doka kuma: mai amsawa ba ta ganin takardar. Wata ce ke karantawa da ƙarfi, don kada malama ta gane rubutun ɗalibarta ko na maƙwabciyarta. Batul ke karantawa, ni ke amsawa. Haka muka yi shekara da shekaru.

Alhamis, 11 ga Fabrairu

Babi na farko. Na ba da labarin nan ya fi sau ɗari, amma da nake rubutawa sai da tsigar jikina ta tashi.

1984, taron uwaye da 'ya'ya mata, zaure ya cika maƙil. Batul ta zaro takarda ta karanta: yarinya ce, ta fara ganin al'adarta wata uku da suka wuce, tana tsoro, uwarta ba ta sani ba don kullum ba ta gida. Wa za ta gaya wa? Na miƙe tsaye na ce: "Uwar da 'yarta ta gwammace ta gaya wa gwangwani, wannan baƙuwa ce a gidanta. Kada ki zama baƙuwa a gidanki!" Aka yi tsit, sannan tafi ya ɓarke. Maganar nan ita ce yanzu a bangon kowane reshe.

Na kira Tahani bayan la'asar, na ce ita nake so ta karanta a bikin.

"Wane babi ne, Yumma?" Haka take kirana, kamar a ce Inna.

"Na gwangwani mana."

 Sai ta ce in nemi wata. Na ce wata wa, ina da wata 'yar ne? Ta ce marar lafiya yana jiranta.

Taurin kan ubanta, Allah ya jiƙan Mirgani. Zan sake kira.

Asabar, 13 ga Fabrairu

Dabara ta faɗo mini: hoton ainihin takardar a bangon littafin. Duk takardun gwangwani suna gidan Batul, ƙulli-ƙulli, kowace shekara da nata. Na gaya mata, ta ce ai ambaliyar shekarar tamanin da takwas ta cinye. Ƙarya take. Ni na taya ta ɗora su bisa rufin ɗaki a shekarar.

Litinin, 15 ga Fabrairu

Yau kuma wai gara ce. Batul, Batul! Tsufa ya fara taɓa ta, ko kuwa ƙyashin babi na farko take, don sunanta sau biyu kawai ya fito.

Laraba, 17 ga Fabrairu

Na je gidan ba sanarwa. Ta dafa gahawa da citta, ta kawo dabino, ta jawo hirar ciwon gwiwa, duk don in manta. Na ce, "Ke, ɗaga ƙafarki," na jawo akwatin daga ƙarƙashin gadon igiya da kaina. Ga 83, ga 85. Ga 84 ma, na kwance na bi ɗaya bayan ɗaya, babu ita.

"Mahasin, ki bar takardar nan. Ki sa hoton dogonyaro."

Na ce ba inda za ni. Na cire takalmi na harɗe. Ta san ni.

Sai ta shiga ɗaki ta fito da ita a cikin ambulan, a ware daban.

Bayan takardar ma'aikatar jirgin ƙasa ce, irin waɗanda Mirgani ke kawowa gida yara su yi rubutu. Wannan ba komai ba ne, rabin gidajen Atbara suna da irinta. Amma koren biro ne. Ni kaɗai ke gyaran jarrabawa da kore a makarantar nan, kowa ja. Rubutun kuma ya kwanta baya, irin na bahaguwa. Tahani bahaguwa ce.

Na ce Batul ta ƙara mini gahawa. 

Alhamis, 18 ga Fabrairu

Ban rubuta komai ba.

Juma'a, 19 ga Fabrairu

Shekararta goma sha uku a lokacin. Tana layi na uku, na tuna, da farin ɗankwali. Ita ma ta tafa? Ban sani ba. Ban duba ba.

Lahadi, 21 ga Fabrairu

Na koma wurin Batul da faɗa a bakina. Shekara ashirin da shida tana zaune kusa da ni ina ba da labarin nan, tana gyaɗa kai!

"Ni na koya mata rubutu a aji huɗu, ya za a yi in kasa ganewa? Tun ina karantawa muryata ke rawa, ke kina can kina shirya amsa."

Na ce me ya hana ta gaya mini a ranar.

"A ranar? Ana tashi ta tsaya bakin ƙofa tana jiranki. Kika shafa kanta, kika ce akwai wainar kisra a kwano, kika ruga don kada motar Abu Hamad ta bar ki. Ni na tafi da ita gida. Na nuna mata yadda ake yi, na dafa mata hulba, ta yi kuka ta ƙoshi. Ta sa na rantse. Kuma ai dokarki ce, Ustaza, mai amsawa ba ta ganin takarda."

Ustaza. In ta kira ni haka to zagi ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai: sai bayan kusan shekara na lura yarinyar ta girma, na ga tana kula da kanta tsaf, na ce a raina ai 'yar malama ce, ba sai an koya mata ba. Har alfahari na yi da haka a ɗakin malamai.

Talata, 23 ga Fabrairu

To amma a tsaya. Uwaye nawa suka zauna da 'ya'yansu saboda maganar nan? Dubbai. A garin Damar wata ta rungume ni tana kuka. Tafiyar Abu Hamad ɗin nan ita ta haifi reshe na huɗu. Ba yawon banza na tafi ba. Wanda ya isa ya ce ƙarya ne.

Duk na faɗa wa bango wannan da safe, bango bai musa ba. Sai dai ban ji sauƙi ba.

Na kira Tahani. Na tambayi lafiyar mijinta, zafin gari, kifin da ta ce za ta aiko. Na ajiye waya ban faɗa ba. Ni da ke tsayawa gaban mata ɗari biyar!

Alhamis, 25 ga Fabrairu

Na karɓo babi na farko daga wurin Babikir. Ya ɗaga hannu sama: "Hajiya, shi ne fa mai daɗin!" Na ce ya buga abin da aka ba shi. Na rubuta sabo, a kan mai karantawa. Shafi uku, duk Batul. Za ta ji kunya, ita ta jiyo.

Asabar, 27 ga Fabrairu

Tsohon gwangwanin yana kan kabad ɗin ofis, ya yi tsatsa. Na sauko da shi na goge. Na nemi koren biro, sai da na shiga kanti uku.

Na rubuta: "Wata uwa ce aka yi mata tambaya, ta amsa wa zaure, ba ta amsa wa mai tambayar ba. Yanzu ta gane, ta makara ƙwarai. Ta ina za ta fara?" Ba suna. Na jefa, na ɗaure murfin, na ba direban motar Bur Sudan ya kai wa Tahani.

Na yi ta kai da kawo a tasha kamar in karɓe abina. Motar ta tashi.

Alhamis, 4 ga Maris

Shiru.

Litinin, 8 ga Maris

Tahani ta kira ina tsakiyar gyaran jerin baƙi.

"Yumma, gwangwani ya iso." Muryarta a dushe. "Ba zan zo bikin ba, kada ki sa rai. Ba zan iya zama a ƙarƙashin rubutun bangon nan ba." Na ce to. Ni, na ce to! Sai ta ce, "Amma ɗakin baya ba kowa a ciki."

Asabar, 13 ga Maris

Zaure ya cika, rassa duka sun zo, littafi ya ƙare kafin azahar. Matan Shandi suka fara kira: "Labarin gwangwani, Ustaza!" Na ce wadda ta amsa tambayar nan ga ta zaune, ni surutu kawai na yi a ranar. Aka yi dariya, an ɗauka raha ce. Batul ba ta yi dariya ba. Ta matse hannuna har zobe ya shige mini.

Kujerar da na ware a layin gaba, na ce a ba wata tsohuwa daga Barbar.

Alhamis, 18 ga Maris, Bur Sudan

Kwana huɗu. Iskar teku ce na zo sha saboda gwiwa, haka na gaya wa kwamiti, kuma akwai gaskiya a ciki. Reshen Damar sun kira sau uku kan taron gobe, na ce su nemi Batul. Za su ɓata tsarin, na sani. Su ɓata.

Ba mu yi maganar ba tukuna. Gwangwanin yana kan firij, ba ta ɓoye shi ba, ba ta kuma ce komai ba. Tana fita asibiti da safe, ni ina zaune. Ban san haka yini yake da tsawo ba. Na gyara mata kabad, ta ce in mayar yadda yake, na mayar.

Yau ta dawo da wuri. Na ji makulli, na ji ta ajiye jaka, sai ta ɗaga murya daga bakin ƙofa, kamar ba ta tabbata ba:

"Yumma? Kina gida?"

Na ce ina gida.