Ruwan Baƙo

Zuwa ga Kawu Bello a Damazin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, da Inna Ramma da yara. Ya aikin madatsar ruwa, ya ciwon ƙafar nan? Mu nan lafiya lau, audugarmu ma ta yi kyau bana.

Kawu, ranar Laraba da safe na ga abin da zai faranta maka rai. Wakilin nan da muka zaɓa, wanda ya yi mana alkawarin rijiya, ya dawo neman ƙuri'a. Ya zauna a inuwa yana ta bayanin Rasha da Amurka. Sai Goggo Hajo ta kawo masa ruwan baƙo, ba tatacce ba, na tur'a, magudanar nan da ke shayar da gonaki, wanda ke sa wa yaranmu tsargiya. Ya leƙa ƙwaryar. Ta ce masa da Larabci, "Sha, ɗana, mu ma shi muke sha. Rasha za ta jira." Ka san ba a mayar da ruwan baƙo. Ya kurɓa, bai ƙara zancen ƙasashen waje ba.

Jiya masu haƙa rijiya suka sauka bayan masallaci. Ni dai sai na ga guga ya fito da ruwa tukuna, amma raina a kwance yake.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. In kana shakka, tambayi Sani direba, a gabansa aka yi, shi da liman.

Ɗanka,
Umaru