Makin Mahdi Yana Nan Yadda Yake

Zuwa ga Yayana Jafaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Allah ya tsare mana ku a can Fatakwal, ya ƙara rufa asiri. Mu nan Daura lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je suna Zango makon jiya.

Saƙonka ya iso, ko da yake ba ni ka kira ba, Inna ka kira. Ta ce ka ce na kayar da ɗanka Mahdi a darasin Turanci don kwaleji ta yabe ni, kuma in ban gyara makin ba, kada in zo gaishe ka in ka zo sallah. Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya. Yaron nan fa a bayana na goya shi.

Ga yadda aka yi. Ni ba na tsayawa gaban allo ina karantowa suna kwafa, aiki nake ba su. Na raba su rukuni-rukuni, na ce kowane rukuni ya je wajen manoma ya yi tambaya, sannan ya ɗauki bidiyo a waya yana bayyana da Turanci yadda ake adana gyaɗa, kuma dole a ji muryar kowa. Rabin maki na Turanci ne, rabi na iya aiki da mutane, wato saurare da haƙuri da ba wa wani dama. Mahdi ya san da haka tun ranar farko.

A rukuninsu akwai Barakatu, 'yar makiyaya daga garin Babban Mutum, wadda ban taɓa jin ta buɗe baki a aji ba. Ta yi ta turo mini saƙon murya tana gwadawa ina gyara mata, har ta iya nata ɓangaren. Ranar da aka haska bidiyon, daga farko har ƙarshe Mahdi ne kaɗai ke zuba kamar rediyo, ya yanke kowa. Da na tambaye shi dalili, a gabanta ya ce Turancinta zai ja musu maki ƙasa. Daga ranar ta daina zuwa aji. Da na bi ta ɗakin kwanansu, kaya na tarar tana haɗawa za ta koma gida.

Turancin ɗanka ya fi na kowa, kuma a nan na ba shi haƙƙinsa cif. Ɗaya rabin bai ci ba, ba kuwa zan ƙara masa ko ɗigo ba, ko da Inna ce ta sa baki. Kai da kanka ka sha yi mana ƙorafin yaran da ake kawo muku wurin aiki, takardu masu kyau amma ba mai iya zama da su. So kake naka ya shiga sahunsu?

Na sa rukunin ya sake aikin, don sauran su samu nasu makin. Mahdi ya kwana biyu yana kumbure-kumbure, amma ya je. Barakatu ta kwance kayanta.

Ka gaida Anti Rabi da Siddiƙa da Auta. Inna da Baffa Ɗantsoho suna gaishe ka. Ran sallah kuwa zan zo gaisuwa, in ka ga dama ka rufe ƙofa. Zan turo maka sabon bidiyon ka kalla. Kada ka wahalar da kanka neman fuskar Mahdi a ciki, shi ne ya riƙe wayar.

Ƙanwarka,
Zubaida