Irin dawar Inna ya dawo daga Mafaza

Assalamu alaiki, Inna, wa rahmatullah.

Bayan gaisuwar ɗiya ga mahaifiyarta, ina fata makwancinki ya yi sanyi. Damina uku ke nan da muka kai ki. Ina da laifin da zan faɗa miki, ina kuma da albishir, amma da laifin zan fara.

Gadarif tana nan yadda kika santa. Baƙar ƙasar nan takan tsage da rani har ƙafar mutum ta faɗa, ruwan fari ya sauka ta haɗe baki, ta riƙe lori kwana biyu a hanyar Doka. Ke kika gaya mini a nan kakana ya tsaya kan hanyarsa ta Makka, ya damƙi ƙasar ya murza, ya ce zai yi damina ɗaya ya haɗa guzuri. Ya je ya dawo, bai ƙara gaba ba. Doguwar dawar da matarsa ta ƙullo a bakin zane tun daga yamma, ita kika bar mini.

Yanzu tarakta ta share dajin da kike yin itace. Manyan gonakin inji sun miƙe har ido ya gaji, riɗi da gajeriyar dawa, lokacin girbi kuwa lorori cike da masu yanka suna wucewa Fashaga. Yaya Adamu ma ya koma gajeriyar, don injin girbi ba ya iya wa doguwar dawarki. Ban ga laifinsa ba, ita ke ciyar da gidan. Amma ya bar mini kusurwa guda ta gabas.

Ga laifin. Kowace shekara kikan zaɓi zangarnun da suka fi cika, ki rataye saman murhu har lokacin shuka. Kikan ce, "Bar su su sha hayaƙi, Sa'adiyya, ƙwaro ba ya son ɗaci." Bara aka gina mana makhzan, ɗakin ajiya mai rufin kwano. Na ga zangarnun sun yi baƙi suna zubo mini da datti a kan kisra, wainar dawar da nake toyawa, sai na sussuke su, na zuba a buhun leda na kai can. Da hadari ya fara haɗuwa na kwance buhun, ba komai ciki sai gari da ƙwari. Na zauna a ƙasa, Inna, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Matan unguwa ne suka tuna mini cewa duk amaryar da za a kai wani gari, sai kin cusa mata cikin tafi ɗaya na irin a ƙullin kayanta. Na je Doka, gida uku, duk sun daina shuka ta. Wata ta ce in gwada Mafaza, wajen Hajja Ramatu, wadda kika raka ɗakin miji ina goye a bayanki.

Na same ta a gidanta kusa da kogin Rahad, tana tuƙa asida. Ban gama faɗin ko ni ɗiyar wace ce ba, ta ɗaga muciya ta nuna sama. Ga zangarnun nan rataye, baƙi ƙirin. Da ta ji abin da na yi, ta yi mini faɗa kamar ke: "Leda? Duk saukar Alƙur'anin naki, leda?" Sannan ta sauke rabi ta ba ni. Sukarin da na kai mata ma ta ƙi karɓa, wai amanarki ce take mayarwa.

Na shuka, dawar ta fito, Innata. Ta fi Yaya Adamu tsawo, har direbobin tarakta kan rage gudu su kalle ta. Jiya na rataye sababbin zangarnu saman murhu, na kuma ware ƙulli ɗaya don Amina ta maƙwabta, da za a kai Doka bayan Salla.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sa duk ƙwayar da ta tsiro daga abin da kika bayar ta shiga mizaninki. Ki yafe mini ledar.

Ɗiyarki,
Sa'adiyya