Kaset Ɗinmu Na Biyu

Dhaka, 9 ga Yuli, 1996

Zuwa ga Yaya Shiuli,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da yara. Yaya ƙafar Baba?

Kin ce kin ga hotonmu a jarida. Gaskiya ne, sun yabi kaset ɗinmu na biyu, wani ma ya rubuta cewa ba a taɓa kiɗan zamani na rok irinsa a ƙasar nan ba. Abin da ba su rubuta ba shi ne, masu shaguna sun dawo da shi kwali-kwali. Jiya mai kamfanin, Mojumdar, ya kira mu yana taunar goronsa da aka naɗe a ganye, ya ce, "Samari, 'yan jarida kyauta ake ba su. Zan goge kaset-kaset ɗin nan in ɗora waƙoƙin fim."

Muka fito tare da Rupom, mawaƙinmu. A hanya ya faɗa mana ya samu aikin banki a Chittagong. Ban ga laifinsa ba, amma na kasa cin abinci.

Na san Baba yana jira in dawo in karɓi shagon yadi. Kada ki ce masa komai tukuna.

Ƙaninki,
Shoummo

Dhaka, 2 ga Satumba, 1996

Yaya Shiuli,

Ina gaishe ki da kyau. Allah Ya sa zazzaɓin ƙaramar 'yarki ya sauka.

Ba a goge kaset ɗin ba. Ni da Mithun mai ganga muka je da keken haya, muka tsaya a ƙofar ofis har Mojumdar ya gaji. Ya ce, "Ku kwashe, ko ɓerayen sito sun ƙi saurara." Yanzu kwalayen suna ɗakina, na ɗora su kan bulo saboda ruwa yana shigowa.

Ni nake rera waƙoƙin yanzu, ina kaɗa jita. Kin san muryata. Mithun ya ce kamar akuya ta maƙale a shinge. Duk da haka muna bin kwalejoji ɗaya bayan ɗaya, kwali a ka. A Mymensingh wuta ta ɗauke muna tsakiyar waƙa, ɗaliban da suka zo ba su da yawa, amma ba wanda ya tashi. Muka ƙarasa da tafi da ganga.

Na fara rubuta waƙoƙin kaset na uku. Don haka ki gaya wa Baba ya ba mijinki makullin shagon. Zai yi fushi, na sani. Zan zo da Sallah in zauna gabansa ya yi mini faɗan da bakinsa, washegari in dawo, muna da gwajin waƙa.

Naki har kullum,
Shoummo