Laujen Shekwolo

Kpakungu, Minna.
Lahadi.

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan, da 'yata Rumaisa. Ya zafin Kontagora? Mu nan da sauƙi.

Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Kolo direba, alhali da gyaran waya nake cin abinci. Dalilin shi ne Baba yana jin komai. Ciwon ya shanye masa ɓarin dama, ya ɗaure masa harshe, amma kunnen nan yana nan daram. Ranar da kika kira kina cewa a kawo miki shi, a ba da hayar zauren ƙirarsa, idonsa ya kaɗa, ya ƙi kunu har washegari.

Kin ce ban iya jinya ba. Na gode. Waɗanda suka iya, su Kawu, sukan tsaya a bakin ƙofa su ce sannu, su duba agogo, su wuce. Ni ke wanki, ni ke juya shi. Ni ɗin da ya fizge wa littafi ya cusa a wutar maƙera yana cewa takarda ba ta noma. Ban manta ba. Amma ubana ne.

Ga abin da nake son ki sani: na samo abin da ke sa shi cin abinci. Na tsani zuga-zugi, kin sani, amma ban taɓa daina son ganin ƙarfe ya yi ja ba. Ina da guruf a waya inda muke tura wa juna bidiyon maƙeran duniya. Akwai na Japan masu ninke ƙarfe kamar tabarma, akwai na Habasha. Wanda na fi so wani tsoho ne a Nepal, can kan dutse, a ƙasa yake zama kamar Baba, yana ƙera lauje. Jikansa ke saka tsofaffin bidiyonsa. Har na tura wa jikan nasa bidiyon Baba yana ƙira, wanda na ɗauka a ɓoye tun yana da lafiya.

Rannan ina kallon tsohon a gefen katifar Baba, sai na ga yatsan hagunsa yana bin bugun masabar. Na juya masa wayar. Yaya, bai ƙifta ba har ya ƙare, sannan ya shanye kofin kunu tas.

Yanzu kullum bayan Azahar nakan jingine masa tsohuwar wayata da 'yar sifika, in kunna masa, in tafi shago sai La'asar. Maƙwabciyarmu Mary tana leƙa shi. Don haka ki kwantar da hankalinki, ki kuma ce wa maigidan ya daina neman mai haya.

A gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Yunusa.

Kpakungu, Minna.
Alhamis.

Yaya Lauratu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin Rumaisa ya sauka. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Kin tuna Shekwolo, manomin nan na wajen Tagwai mai kawo mana doya? Kin kuma tuna yadda mutanen Baba ke yi: in sun tarar da zaure a rufe suna kuma jin aiki a ciki, ba sa ƙwanƙwasawa, don Baba ba ya son a katse shi. Sai su ɗaura tsumma a jikin kayansu don shaida, su tura ta ƙasan ƙofa, su dawo wani lokaci. To, sifikar nan tana da murya, ɗakin Baba kuma bango ɗaya ne da zauren. Shekwolo ya zo wucewa ya ji bugu, ya ɗauka Baba ya miƙe. Ya tura laujensa da ya karye.

Ya biyo ni har shago yana murna, yana cewa da irin Hausarsa wai "Baba ta tashi, Allah mun gode". Na ce masa babu wanda ya tashi, waya ce. Ya yi dariya, ya ce yaran yanzu da rowa, har uba suna ɓoyewa. Raina ya ɓaci, na ce ya zo gobe ya ɗauki tsiyarsa.

Makullin zauren a aljihuna yake kwana, a aljihuna yake wuni. Washegari da La'asar na buɗe don in ɗauko masa. Ba a ƙasan ƙofa na same shi ba. Yana kan uwar maƙera, a gyare, da tsummansa. Na kai hannu, na janye. Da ɗumi. Na tona tokar murhu, sanyi ƙalau, har da saƙar gizo-gizo a bakin zuga-zugi.

Na san me za ki ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Wani ne ke da makulli. Na je na zazzage wa Kawu rashin mutunci, ya rantse rabonsa da zauren tun kafin azumi. Na sauya kwaɗo. Amma Shekwolo ya riga ya baza labari. Fartanya ta shigo ta ƙasan ƙofa, addar Buba mai shanu ta shigo, damina ta ƙarato kowa na neman kayansa. Kullum in na dawo, guda ɗaya na kan uwar maƙera da ɗuminsa. Mary ta ce ita bugu kawai take ji, kuma in ta leƙa, Baba na kwance ido a buɗe, ba ya ko jin sallamarta.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Shekwolo ya dawo da laujen yana yabo, ya ce bai taɓa riƙe mai ci irinsa ba, amma me ya sa Baba ya sauya masa fasali? Na karɓa na duba. Wuyansa ya lanƙwashe ciki, gindinsa an naɗe shi kamar bututu don ƙota ta shiga. Ba ƙirarmu ba ce, Yaya. Ƙirar tsohon Nepal ce. A duk Kpakungu, mutum biyu ne suka taɓa kallon yadda ake yin ta.

Na karanta littattafai da yawa a kan ƙwaƙwalwa da mafarki, na bincika a waya har idona ya yi ciwo. Babu inda aka rubuta wannan. Ina yi masa addu'o'in da na sani. Ke ma ki taya mu.

Naki,
Yunusa.

Kpakungu, Minna.
Talata.

Yaya,

Ina gaisuwa. Kolo ya ba ni amsarki, na kuma karanta inda kika tambaya ko na fara shaye-shaye. Allah ya ba ki haƙuri, ni ma ya ba ni.

Baba yana ramewa. Yana ci fiye da da, amma kamar ana zuba wa rami. In na dawo nakan tarar da rigarsa sharkaf da gumi, yana haki. Na kira Gift, nas ɗin da ke bayan layinmu. Ta auna shi, ta dube ni a fusace, ta ce wane aikin ƙarfi nake sa mara lafiya, zuciyarsa tana gudu kamar ta wanda ya sauke lodi. Ta ce in aka ci gaba a haka ba zai ga ƙarshen damina ba. Tana goge masa jiki ta buɗe hannun daman, wanda ya mutu, wanda ni nake ɗaga masa. Tafin ya yi bororo sabo fil. Ƙarƙashin faratan baƙi ƙirin da gawayi. Ta haɗa jakarta ta fita.

A ranar jikan tsohon ya aiko mini saƙo, waya ta fassara mini. Ashe kakansa ma ya daɗe a kwance da irin ciwon Baba, kuma bidiyon Baba da na tura shi yake kunna masa. Ya ce kakan ya rasu a makon jiya. Da suka buɗe maƙerarsa don shara, sun sami wani abu da ba su san amfaninsa ba, ko ni na sani? Ya turo hoto. Garma ce, Yaya. Garmarmu ta huɗa, da 'yar alamar nan ta ƙafar kaza da Baba ke bugawa a wuya.

Na kashe wayar, na cire sifikar, na kulle su a shago. Na rubuta a ƙofar zaure cewa ba a aiki.

Tun daga ranar Baba ya rufe bakinsa. Ba kunu, ba shayi, ruwa ma sai na ɗura. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce masa duk abin da ke cikina tun na littafin nan. Kallona kawai yake, sannan ya mai da ido kan bangon zauren. Kayan mutane suna can a tare, ya kuma sani.

To ga inda nake. In na kunna, aikin zai kashe shi. In na bari, yunwa za ta kashe shi. Kin ce ranar Asabar za ku zo da mota. Ki sani, in kun raba shi da bangon nan, ba za ku kai Zungeru da shi ba.

Ki gaya mini abin da zan yi, tunda ke kika iya.

Yunusa.

Kpakungu, Minna.
Juma'a.

Zuwa ga Yayata Lauratu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidan. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ne duk ya yi bororo. Ki kuma yi haƙuri da bakina na wancan karon.

Shekaranjiya ban je shago ba. Na zauna ina kallon Baba yana kallon bango, sai na ga ai ba wayar yake so ba. Kayan da ke jira ne suka hana shi sakat. In babu abin da ke jira, babu abin da zai tashe shi.

Bayan Azahar na buɗe zauren, na share, na sayo gawayi, na hura wuta. Na ɗauki fartanyar wata tsohuwa don ita ce mafi sauƙi. Abin da na sani rabi daga ƙuruciya ne, rabi daga bidiyo, kuma duk biyun ba su hana ni ɓata ta ba. Matsalar yin aikin ni kaɗai ita ce, kafin in zuga in ɗauko awartaki in kai ƙarfe kan uwar maƙera, ya huce. Na buga, na zagi ƙarfen, na zagi kaina. Mary ta leƙo ta ce Baba yana ta buga yatsa a katifa, fuska a murtuke, kamar yadda yake yi in na yi shirme. Da La'asar ya sha kunu. Hannun damansa a bushe yake, ba gawayi.

Jiya na koma. Addar Buba ce a wuta. Na saki zuga-zugin na juya neman masaba, ina ƙunƙuni cewa yanzu wutar za ta kwanta. Ba ta kwanta ba. Na ji fuu, fuu, a bayana, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Gawayin ya yi fari. Ta gefen ido na ga fatun zuga-zugin suna tashi suna sauka, buzun da ake zama a kai kuma babu kowa.

Ƙafata ta ce in gudu. Amma ƙarfen ya yi ja daidai, irin jan da ban taɓa samu ba, kuma na san abin da ake yi wa wanda ya bar ƙarfe ya huce a zauren nan. Na ɗauka na buga. Da na yi gaggawar cirewa a zagaye na biyu, sai zugar ta tsaya cak, har sai da na mayar.

Kin san Baba ya sha faɗa cewa tun da ya karɓi masaba bai sake taɓa zuga-zugi ba, wai aikin yara ne. Ban juya na dube shi ba. Na ga kamar ba zai so ba.

Gift ta zo da safe, ta ce zuciyar ta lafa, ta tambayi abin da na sauya. Na ce mun yi musayar aiki ne.

Don haka gobe ku zo, amma ku zo gaisuwa, kada ku zo da katifa a mota. Ki taho mana da man shanu saboda hannuna. In kun iso tsakanin Azahar da La'asar kuka tarar da zaure a rufe, kada ku ƙwanƙwasa. Muna aiki.

Ki shafa mini kan Rumaisa. Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Yunusa Sanda Maƙeri.