Sitika a Fuskar Faifai

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Ɗakin Karatu na Jama'a.

Daga:
Matar marigayi Mai Kyamara,
Gida na huɗu, Layin Bayan Asibiti.

Kwanan wata: Alhamis, 14 ga Maris, 2024.

Game da: Lalata faya-fayai talatin da ɗaya cikin arba'in da na ba ofishinka kyauta, da roƙon a ceci taran da suka rage.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. A ranar 8 ga Janairu na kawo wa ofishinka faya-fayai arba'in, irin waɗanda ake kallo a kwamfutar gida, masu fitar da hoto tar. Aikin maigidana ne, Allah Ya ji ƙansa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗaukar tsofaffin masu sana'a a bakin aikinsu, har zaren da ke ramin allurar tela ana iya gani. Kwamfutarsa ta mutu bayan rasuwarsa, saboda haka babu kwafin aikin a ko'ina sai a waɗannan faya-fayai. Na faɗa wa ma'aikatanka haka, na kuma rubuta musu.

2. A ranar 12 ga Maris na koma don in ga inda aka ajiye su. Na tarar Jami'in Rajista ya bi ƙa'idar ofis, wadda ta ce kowane kaya sai an manna masa sitika mai lamba. To, da yake gefe ɗaya na faifan akwai rubutun hannun marigayi, sai ya ga bai kyautu ya rufe rubutu ba. Ya juya faifan, ya manna sitikar a gefen mai ƙyalli, wato daidai fuskar da kwamfuta ke karantawa. Haka ya yi wa talatin da ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa.

3. Da na nuna masa ɓarnar, a gabana ya ɗauko reza ya fara kankare ɗaya.

4. Mataimakin Darakta kuwa bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Ya shaida mini cewa zamanin faifai ya wuce, sababbin kwamfutocinku ma ba su da inda ake zura shi, yanzu komai a intanet yake. Ina so a rubuta cewa maƙerin da ke faifai na shida ba ya intanet, yana kabari. Idan ofishinka ya san faifai ba shi da gobe a wurinsa, me ya sa aka karɓa har da takardar godiya? Wallahi ƙyamar wannan takarda nake ji.

5. An sanar da ni cewa sauran taran za a yi musu tasu rajistar ranar Litinin, 18 ga Maris.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Darakta ya ba da umarni a rubuce, kafin Litinin, cewa kada kowa ya taɓa taran nan, ko da sunan goge ƙura ne, kuma a mayar mini da su. Ba na neman a kori kowa, ba na kuma buƙatar wata takardar ban haƙuri.

A duk shekarun nan maigidana yana bayan kyamara ne, ba a ganinsa. Sau ɗaya tak wani tsohon kafinta ya karɓe ta ya juyo da ita kan maigidana, maigidan yana dariya yana kare fuska da hannu. Wannan yana faifai na talatin da takwas, kuma jikokin marigayi ba su taɓa ganinsa yana motsi ba.

Na gode da lokacin Mai Girma Darakta. Allah Ya ƙara girma.

Mai biyayya,
Uwar 'Yan Biyu,
matar marigayi Mai Kyamara.