Shafukan da na tsallake wa Baba

Litinin, 3 ga Maris
Littafi na uku ya fito. Shekara da shekaru Baba yana jiransa, yana mita wai marubucin nan ya bar masa tsohon matuƙin jirgi a tsakiyar teku ya kama gabansa. Na sayo, na kai masa asibiti. Ya karɓa da hannun hagu, mai motsin, har da shinshina takardar. Bakin yana nan a karkace, magana ba ta fita. Ni zan karanta masa.

Likita ya tare ni a baranda. Ƙarin da ke kan Baba ya wuce aiki. Wai saura watanni. Yaya ya ce kar wanda ya kuskura ya gaya masa. Na ce to.

Talata, 4 ga Maris
Babi biyu. Wannan ne abin da muka yi ta jira? Matuƙin da ya sa Baba ya taɓa ƙona rigarsa da dutsen guga, yanzu yana zaune a bakin gaɓa yana ba yara shawara. An ɓata shafi guda ana kwatanta labule. Labule fa! Haushi ya cika ni, sai ka ce ni aka yi wa alkawarin. Baba dai ya kafe ni da ido. Ban san ko yana fahimta ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

Alhamis, 6 ga Maris
Na leƙa gaba a cikin mota. Da na sani ban leƙa ba. Matuƙin zai kwanta ciwo, ciwon kai ma, kuma ba zai tashi ba. Wane irin mutum ne zai sa ka jira haka don kawai ya kashe maka shi a kan gado?

Juma'a, 7 ga Maris
Na tsallake wurin. Na haɗa shafuka na juya, na mayar da matuƙin teku da bakina, na ƙirƙiro masa guguwa da sabon jirgi. Yadda ƙaryar ta zo mini a sauƙaƙe har ya ba ni tsoro. Nas tana canza ledar ruwa ta ce, “’Yar Baba, yau kam littafin naku ya yi daɗi.” Na yi mata yaƙe.

Lahadi, 9 ga Maris
Waya na yin ƙara gabana sai ya faɗi. Ko da mai gyaran famfo ne ya kira.

Litinin, 10 ga Maris
Ya kama ni. Ina ta zuba labari, ashe idona yana kan taga, shi kuma idona yake kallo. Ya ɗora hannu a kan littafin, ya riƙa mayar da shafuka baya da ɗan yatsa, da ƙyar, har inda na fara tsallakewa. Ya ƙwanƙwasa wurin.

Na ce, “Baba, wurin nan ba daɗi.” Ya sake ƙwanƙwasawa.

Na karanta. Ashe mutuwar ma shirme ce. Mutum yana gargara amma ya yi jawabi shafi uku, yana murmushi, tsuntsaye na kuka a waje. Sai na ji Baba ya ja tsaki da rabin bakinsa. Daga nan dariya, har yawu ya zubo na goge masa. Yana jin komai ke nan. Komai, tun ranar farko.

Da dariyar ta lafa, ya nuna kansa, ya nuna ƙofar da likita yake fita, sannan ya nuna ni. Na ce bari in ɗebo ruwa, alhali ga gora cike a gabansa. Na shige banɗaki na kulle, na rasa abin yi sai wanke hannu.

Talata, 11 ga Maris
Yaya a waya: “Ke dai ki yi shiru, ki ci gaba da karatunki.” Na ce ya zo ya zauna a kujerar nan ko na yini ɗaya, ya ga ko zai iya haɗa ido da shi. Ya ce ina da rashin kunya. Wataƙila. Ina tsoron in faɗa Baba ya karaya ya daina cin abinci. Ina tsoron in ƙi faɗa ya tafi yana ganin mun mayar da shi yaro.

Laraba, 12 ga Maris
Mun gama littafin. Ƙarshen ma ba abin a zo a gani. Na sa shi a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi, ya yi daidai.

Bayan nan na ja kujera kusa da gadon. Abin da likita ya ce bai kai shafi uku ba, jimla biyu ce. Baba ya rufe ido, ya matse mini hannu har ya yi zafi. Ni ce na yi kukan. Da ya buɗe ido sai ya shafa gemunsa da ya yi buzu-buzu, ya nuna ni. Gobe in zo da reza ke nan.

Yaya yana ta kira. Zan ɗauka, bari dai in gama cin abinci.